Injin gashin asibiti da na'urar CERN: dangi ɗaya ne, ga yadda suke aiki

Wani ɗalibin kimiyya da ke zaune a Agege ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga bidiyon wata katafariyar na'ura da ke ƙarƙashin ƙasa a Turai, inda ake harba ƙwayoyin zarra su yi karo da juna. Bayan nan ya raka gwaggonsa asibiti za a fara yi mata gashin ciwon daji, sai ya ji wani ma'aikaci yana cewa injin gashin ma dangin waccan na'urar ne. Yana so ya san ko gaskiya ne, yadda abin yake aiki, me ake bincike da shi, da kuma ko akwai haɗari ga yaran gida idan sun kusanci gwaggo bayan an yi mata gashi.

Ƙanena, Allah ya ba gwaggo lafiya, ya sa kaffara ne. Aikina auna radiyeshan ne a sashen gashi a nan Legas, don haka bari in fara da abin da ya fi tsaya wa mutanen gida a rai. Idan gashin na injin da ke haska jiki daga waje ne, babu abin da gwaggo take ɗaukowa ta kawo gida. Da an kashe injin, hasken ya ɗauke ke nan, jikinta ba ya riƙe shi. Ta goya jikanta, ta ci abinci kwano ɗaya da kowa, ta kwana ɗakinta yadda ta saba. Akwai wasu magunguna na daban, kamar ruwan aidin mai radiyeshan da ake sha don ciwon tayirod, halittar da ke gaban wuya, waɗanda ake ba majinyaci sharaɗin nisantar yara na 'yan kwanaki, amma wannan likita zai faɗa muku baki da baki kafin a fara. Ina jaddada wannan ne domin akwai gidajen da ake ware wa majinyaciya kwano da tabarma saboda tsoron da ba shi da tushe, alhali lokacin ne ta fi bukatar a ja ta a jiki.

Shi kuwa ma'aikacin gaskiya ya faɗa maka. Na'urorin hanzarta ƙwayoyi da ke aiki a duniya sun haura 30,000, kuma mafi yawansu a asibitoci da masana'antu suke. Waɗanda ake binciken asalin halitta da su 'yan ƙalilan ne, sai dai su suka fi suna.

Ƙa'idar aikinsu ɗaya ce. Ana bukatar ƙwayar da ke ɗauke da cajin lantarki, wato ɗaya daga ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra, ilektiron mai cajin ragi (−) ko furoton mai cajin ƙari (+), ko ƙwayar zarra da aka cire wa ilektiron ko aka ƙara mata. Ƙarfin lantarki ne ke tura ta ta ƙara gudu. Maganaɗisu ba ya ƙara mata gudu ko kaɗan, aikinsa shi ne ya lanƙwasa hanyarta, ya kuma tattara ƙwayoyin wuri guda su zama siririn zare, wanda a wurin aiki muke kira bim. Duk tafiyar a cikin bututun da aka zuƙe iskarsa ake yin ta, don da akwai iska da ƙwayoyin sun yi ta karo da ita sun watse tun ba su je ko'ina ba. Tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda har yanzu za ka gani jibge a Alaba, ƙaramar na'urar hanzartawa ce: tana tura ilektiron da bolt 20,000 ko fiye su bugi gilashin, hoto ya fito. Ilektiron ɗin da bolt ɗaya ya tura ya sami kuzarin da muke kira ilektiron-bolt ɗaya, ana rubuta shi eV. Miliyan ɗaya nasa shi ne MeV.

Matsalar da masana na farko suka ci karo da ita ita ce bolt ba ya taruwa yadda kake so. Da ya kai 'yan miliyoyi sai tartsatsi ya tsallake, wutar ta zube. A shekarar 1932 John Cockcroft da Ernest Walton sun yi amfani da bolt dubu ɗari-ɗari a Kambirij ta Ingila suka fasa ƙwayar sinadarin lithiyam, amma hanyar tana da iyaka. Mafitar da Rolf Widerøe ya gwada a 1928 ita ce a daina neman turi ɗaya mai ƙarfi, a riƙa yin ƙananan turi masu yawa, kowanne a daidai lokacinsa. Kamar mai tura yaro a lilo ne: ba ƙarfin hannu ne ke kai shi sama ba, dacewar lokacin turin ne, kuma in ka tura a baibai sai ka tsayar da shi. A na'ura, igiyar rediyo mai juyawa sau miliyoyi ko biliyoyi a daƙiƙa ita ce hannun mai turin. Idan aka jera wuraren turin a miƙe, an sami linak. Ernest Lawrence a Bakili ta Amurka shi ya kawo dabarar sa maganaɗisu ya riƙa juyo da ƙwayar tana ratsa wurin turi ɗaya sau da yawa, tana faɗaɗa da'irarta. Wannan ita ce saikulotiron, ta farkonta ba ta wuce tafin hannu da yawa ba, kuma ta ba shi kyautar Nobel a 1939. Sinkurotiron kuma zobe ne wanda faɗinsa ba ya canjawa, ƙarfin maganaɗisun ne ake ta ƙarawa daidai da ƙaruwar kuzarin ƙwayoyin.

Abu guda da ke rikita ɗalibai: babu ƙwayar da ke kai gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ilektiron mai MeV 6 ya riga ya wuce kashi 99 cikin ɗari na wannan gudun. Daga nan duk turin da ka ƙara kuzari yake ƙarawa, gudun da ƙyar yake motsawa. Shi ya sa muke auna na'ura da kuzarinta.

Yanzu ga injin da za a kwantar da gwaggo a ƙarƙashinsa. A cikin wannan hannun da ke zagaya gadon akwai bututun jan ƙarfe wanda tsawonsa ke kamawa daga ƙasa da rabin mita zuwa kamar mita biyu, gwargwadon ƙirar injin. A bakinsa akwai waya da ake zafafawa ta saki ilektiron. Wata na'ura, magnetiron ko kilaistiron, tana samar da igiyar rediyo mai juyawa wajen sau biliyan 3 a daƙiƙa, a tura ta cikin bututun, ilektiron su hau ta har su kai MeV 6, ko 10, ko 15. A ƙarshe sai su bugi wani ɗan faifan ƙarfen tangistan, su tsaya cak, kuzarinsu ya koma hasken eksire mai ƙarfin da ya ninka na ɗaukar hoton ƙashi sau gommai. Hasken nan ba a sakinsa haka kawai. Akwai siraran faifan tangistan masu yawa a bakin injin, kowanne da motarsa, suna shiga suna fita su zana siffar ƙarin daidai yadda hoton sikanin ya nuna shi. Injin yana zagaya jiki yana haskawa ta kusurwoyi da dama, sai hasken ya taru a kan ƙarin, lafiyayyen naman da ke kewaye kuma kowane ɓangare ya sami kaɗan. Abin da hasken ke yi shi ne lalata ƙwayar gadon halitta ta cikin ƙwayoyin ciwon har su kasa hayayyafa. Ana raba shi kashi-kashi, galibi wajen gire 2 a rana (gire shi ne ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha), kwana biyar a mako, na tsawon makonni, saboda lafiyayyun ƙwayoyin jiki sun fi na ciwon iya gyara kansu tsakanin yau da gobe. Don haka, don Allah, kada a bari gwaggo ta tsallake rana saboda cunkoson hanya ko biki. Lissafin gaba ɗayansa a kan jerin kwanakin aka gina shi.

Abin da mutane ba sa gani shi ne abin da ke faruwa kafin majinyaci na farko ya shigo. Kowace safiya sai an kunna injin ya ɗumama, an auna hasken da yake fitarwa, kuma in ya kauce wa ƙa'ida da fiye da kamar kashi 3 cikin ɗari, ba a fara gashi sai an gano dalili. Lokaci-lokaci muna cika wani akwatin roba da ruwa, mu sa ma'auni a ciki, domin ruwa yana shan haske kusan yadda naman mutum ke sha. Har zafin ɗakin da nauyin iskar ranar sai an sa su a lissafi. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, tana aiko wa asibitoci ƙananan ma'aunai ta gidan waya, a haska su a mayar mata, ta duba ko awonmu ya yi daidai da na sauran duniya. Bangon ɗakin kankare ne mai kaurin da kan kai mita 2 a inda hasken ke fuskanta, mashigarsa mai kwana-kwana ce, ƙofar kuma an haɗa ta da injin yadda da an buɗe ta hasken zai yanke. Kowane ma'aikaci yana maƙale da ɗan ma'auni a ƙirji, kuma hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, ce ke ba da lasisi a Najeriya. Cibiyar ciwon daji ta asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, da aka buɗe a 2019 a Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta, irin waɗannan injina take amfani da su. Tsofaffin injinan gashi na sinadarin kobal-60 daban suke: su dunƙulen sinadari ne da ke fitar da haske dare da rana, ba a kashe shi sai dai a rufe shi, kuma ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni.

Wadda ka gani a bidiyo ita ce LHC ta CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, a kan iyakar Siwizalan da Faransa kusa da Janiba. Zobe ne mai kewayen kilomita 27, a zurfin kamar mita 100. Tafiyar tana farawa daga tulun iskar haidurojin, ƙwayoyin su bi ta linak, sannan ta zobba uku kowanne ya fi na baya girma, kafin a zuba su a babban. A can manyan maganaɗisai 1,232, kowanne mai tsawon mita 15, suke lanƙwasa hanyar furoton. An sanyaya su da ruwan hiliyam zuwa digiri 271 ƙasa da sifili, inda wayarsu ke ɗaukar wuta ba tare da turjiya ba. Furoton yana zagaya zoben sau 11,000 da ɗoriya a daƙiƙa, bim biyu suna tafiya a kishiyar juna, a haɗa su a wurare huɗu. Tun 2022 kuzarin karon ya kai eV tiriliyan 13.6. Dalilin wannan wahala shi ne kuzari yana iya rikiɗa ya zama nauyi, don haka karo mai tsanani yana haifar da ƙwayoyin da ba sa rayuwa ko ƙiftawar ido, masana kuma su gano su ta ɓurɓushin da suka bari. Ma'aunin ATLAS, ɗaya daga na'urorin da ke kama wannan ɓurɓushin, shi kaɗai tsawonsa mita 46 ne, nauyinsa tan 7,000. A nan ne shi da takwaransa CMS suka sanar da gano ƙwayar Higgs, wadda ke da alaƙa da yadda ƙwayoyi ke samun nauyi, a ranar 4 ga Yuli 2012, kusan shekara hamsin bayan an yi hasashenta a takarda. Kuma a CERN ɗin ne Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989, don masana su riƙa musayar bayanai.

In kana son ka san yadda gudanar da irin wannan wuri yake, ka dubi abin da ya faru a Satumbar 2008. Kwana tara da kunna LHC, mahaɗar waya guda ɗaya tsakanin maganaɗisai biyu ta yi zafi ta ƙone, hiliyam ya ɓalle, aka ciro maganaɗisai 53, aiki ya tsaya fiye da shekara. Masu cewa karon zai iya halaka duniya kuwa, amsarsu tana sama: ƙwayoyin da ke zuwa daga sararin samaniya suna bugun iskar duniyarmu da kuzarin da ya fi na LHC tun kafin a yi ɗan Adam.

Ni dai wadda na fi so ka sani ba ta Turai ba ce, tana Ile-Ife, tafiyar 'yan sa'o'i daga Legas. Cibiyar binciken makamashi ta CERD a Jami'ar Obafemi Awolowo tana da na'urar hanzartawa mai bolt miliyan 1.7, irin wadda ake kira tandam. Dabararta tana burge ni. Ana fara da ƙwaya mai cajin ragi, tsakiyar na'urar mai cajin ƙari ta jawo ta. Da ta iso tsakiya sai ta ratsa 'yar iska da ke tuɓe mata ilektiron, cajinta ya juye, tsakiyar da ta jawo ta yanzu ta koma korarta. Bolt ɗaya ya yi aiki sau biyu ke nan, furoton ya fito da kuzarin da ke iya kai MeV 3.4. Kada ka haɗa ta da abin da ke cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Waccan ƙaramar tukunyar nukiliya ce ta bincike, NIRR-1, da ta fara aiki a 2004, tana samar da niyutiron ta hanyar tsaga ƙwayar yuraniyam. Ayyukansu suna taimakon juna, amma halittarsu daban.

Babban aikin irin na'urar Ife shi ne faɗa maka abin da ke cikin abu. Hanyar da aka fi sani ita ce PIXE, wadda aka fara a Lund ta Suwidin a 1970. Furoton ya bugi samfurin, ya fizge ilektiron na can cikin ƙwayar zarra, wani ya faɗo ya cike gurbin, a garin haka ƙwayar ta saki eksire. Kowane sinadari da nasa kuzarin eksiren, na dalma daban, na ƙarfe daban, na tutiya daban. Cikin 'yan mintuna za ka ga sinadarai da yawa a lokaci guda, har wanda bai wuce 'yan kashi cikin miliyan ba, kuma samfurin bai lalace ba. Masana a Ife sun yi amfani da wannan hanya wajen nazarin ƙurar iskar Legas: a kafa famfo ya zuƙi iska ta cikin matata, a kai matatar gaban bim, daga haɗin sinadaran a rarrabe abin da ya fito daga hayaƙin mota da janareta, da na masana'anta, da gishirin teku, da ƙurar hunturu da ta taso daga Sahara. Ka tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Tambayar ko ƙasar tsakar gida tana da dalma, kuma nawa, irin tambayar da wannan na'ura ke amsawa ce. Haka kwallin da iyayenmu mata ke sa wa jarirai, wanda sau da yawa dutsen dalma ne aka niƙa. Haka kanwa, da magungunan gargajiya da ake tallarsu a Mile 12 da Agege, da kifin lagun, da tokar kayan lantarki da ake ƙonawa don ciro jan ƙarfe. A Faris akwai na'ura irin wannan a ƙarƙashin gidan tarihi na Louvre, ba ta da aiki sai binciken kayan tarihi. Ina ganin tsofaffin rubuce-rubucen ajami da ke gidajen malamai a Kano da Sakkwato da Katsina sun cancanci irin wannan kulawa, domin tawada da takarda suna iya faɗin inda suka fito ba tare da an yagi ko gefe ba.

Saikulotiron ta asibiti kuma magani take dafawa. Ana harba furoton cikin wani ruwa na musamman, a sami sinadarin fulorin-18, a ɗaura shi a jikin sukari, a yi wa majinyaci allura. Ƙwayoyin ciwon daji masu haɗamar sukari ne, sai su bayyana a hoton sikanin da ake kira PET. Rabin wannan sinadari yana ɓacewa duk minti 110, don haka ba a shigo da shi ta jirgin ruwa, ba a ajiye shi. Dole a yi shi da asuba a garin da za a yi amfani da shi ko kusa, kuma wanda ya san hanyar Legas ya san cewa sa'a biyu a cunkoso ta cinye rabin maganin. Manyan na'urorin leƙa cikin kwantena a tashoshin jiragen ruwa su ma da yawansu linak ne a ciki, kuma da bim ɗin ilektiron ake kashe ƙwayoyin cuta a sirinji da safar hannu bayan an rufe su a leda.

Akwai wani nau'i da nahiyarmu ba ta da shi ko ɗaya. Ilektiron da ke gudu kusa da na haske, in aka lanƙwasa hanyarsa, yana fitar da eksire mai tsananin haske. An gina zobba musamman don wannan, kamar ESRF a Girenobul ta Faransa mai kewayen mita 844, da Diamond a Ingila. Da su ake ganin siffar furotin, sinadarin da ke gina jikin mai rai, ƙwaya bayan ƙwaya, wanda shi ne matakin farko na ƙera magani da zai toshe aikin ƙwayar cuta, har da ta zazzaɓin cizon sauro. Yadda ake shiga shi ne ka rubuta abin da kake son aunawa, kwamitin masana ya tantance, a ba ka 'yan kwanaki, ka yi aiki dare da rana domin wani na jiran kujerar. A Jodan an buɗe SESAME a 2017, inda Masar da Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Turkiyya da Pakistan suke cikin masu ita, kuma da hasken rana ake ba ta wuta. Masanan Afirka sun fara taron neman tamu a 2015. Babbar na'urar da nahiyar ke tinƙaho da ita a yanzu ita ce saikulotiron ta iThemba LABS kusa da Kef Tawun, mai kai furoton MeV 200.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. CERN tana jan wutar da ke kai megawat 200 idan aiki ya kankama, ba ita ce bukatarmu ta yau ba. Abin da ke kwantar da na'ura a ƙasarmu yawanci ba babban abu ba ne: wutar da ke rawa ta ƙona allon lantarki, injin sanyaya ruwa ya tsaya, famfon zuƙe iska ya gaji, kayan gyara su yi watanni kafin su iso, injiniyan da ya san injin ya tafi waje. Kowace ranar da injin gashi ya kwanta, mutane da dama ne aka katse wa lissafin kwanakinsu, wasu sun taso tun daga Arewa sun kama ɗaki a Legas. Duk wanda zai sayi irin wannan na'ura ya sa kuɗin wuta tsayayya, da yarjejeniyar gyara ta shekaru, da albashin da zai riƙe ma'aikata, a cikin lissafin farko.

Tunda kimiyya kake karantawa, ga inda zan nuna maka. Ka riƙe darasin lantarki da maganaɗisu da kyau, domin shi ne ginshiƙin duk abin da na faɗa. Ka koyi rubuta manhajar kwamfuta da lissafin ƙididdiga, ka saba da kama kayan lantarki da hannunka. Idan lokacin koyon aiki na wata shida ya zo, ka nemi sashen gashi ko cibiyar Ife ko ta Zariya. Ana yin digiri na biyu a fiziks na likitanci a nan Jami'ar Legas, CERN kuma tana ɗaukar ɗaliban bazara daga ƙasashen da ba mambobinta ba. Ranar da za ka sake raka gwaggo, ka nemi ganin jami'in fiziks na sashen, ka roƙe shi ya nuna maka taswirar gashinta a kwamfuta, inda launuka ke nuna yawan hasken da kowane sashe na jikinta zai samu. Da izininta da na likitanta, yawancinmu muna farin cikin nunawa.